Sumuni da Rubu'i a Kan Layi

A zaurukan karatu na Kabara, cikin birnin Kano, ɗalibin ilmin gado ya san matar mamaci tana da rubu'i idan babu ɗa, sumuni idan akwai. Amma yaron firamare yakan ce sumuni ya fi girma, wai don takwas ta ɗara huɗu. Magabata, kafin zuwan naira a 1973, sun san amsar daga aljihu: taro rubu'in sule ne, ahu kuwa sumuninsa.

To, malami ya ja layi daga sifiri zuwa ɗaya, ya raba shi gida takwas daidai. Yaro ya taka da yatsa: taki ɗaya sumuni, sai ya ƙara wani kafin ya iso rubu'i.