Zazzaɓi bayan maganin daji: gaskiya da ƙarya a saƙon da ke yawo

Yawancin masu ciwon daji ba a kwantar da su don shan magani. Ana ƙara musu maganin ta jijiya, su koma gida a ranar, su dawo bayan mako biyu ko uku. Illolin maganin a gida suke bayyana, shi ya sa asibitoci da dama suka danƙa kula da su a hannun ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin. Nas ce ke duba sakamakon jini kafin kowane zagaye, ta tambayi yadda aka kwana da amai, gudawa da gyambon baki, ta ware wanda zai koma gida da wanda dole likita ya gani yanzu.

A kan wannan tsari ne wani saƙo ke zagaya zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, babu sunan marubuci, sai umarnin a tura wa wasu. Abu na farko da ya ce shi ne, idan aka haɗa majinyaci da nas, to likitoci sun cire rai da shi. Ba haka ba ne. Likita ne ke tsara magani, shi ke sauya shi, kuma nas na komawa gare shi. Gaskiya ne likitocin daji sun yi ƙaranci, amma ko a Ingila da Amurka haka ake aiki. Wani bincike a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, wanda aka buga a 2017, ya bi majinyata 766: waɗanda ke sanar da alamominsu ta kwamfuta, nas na bibiya, sun fi sauran tsawon rai da kimanin wata biyar. Asibiti ɗaya ne, ba za a ce ko'ina haka zai kasance ba, amma ya isa ya rushe batun cire rai.

Magana ta biyu ce ke iya kai mutum kushewa. Saƙon ya ce zazzaɓi bayan ƙarin magani alama ce ta cewa magani na aiki, a sha farasitamol, a lulluɓa, kada a wahalar da kai zuwa asibiti. Wanda ya rubuta wannan bai san abin da yake faɗa ba, kuma bai damu ya tambaya ba.

Maganin daji yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, kuma ɓargo na cikinsu. A ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke tare cuta. Adadinsu yakan faɗi ƙasa warwas tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin magani, daidai lokacin da amai ya lafa, majinyaci ya fara cin tuwo, 'yan gida suna hamdala. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya shiga jini ta bazu cikin sa'o'i. Sau da yawa babu kumburi, babu mugunya, domin masu haddasa su ne suka ƙare. Zazzaɓin kaɗai ne shaida. Shi ya sa ƙa'idar ita ce: zafin jiki ya kai digiri 38, a nufi asibiti nan take, dare ko rana, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda da isowa, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Rawar ɗari, ruɗewa, numfashi sama-sama ko sanyin jiki ƙasa da digiri 36 duk hukuncinsu ɗaya ne, ko da ba zazzaɓi.

Farasitamol yana sauke zafin, ya bar cutar tana cin gaba a ɓoye. A auna jiki kafin a sha, kada bayan an sha.

Waɗanda suka yarda da saƙon ba wawaye ba ne. A ƙasar Hausa zazzaɓi na nufin maleriya har sai an tabbatar da wani abu, kuma kemis na bakin layi, asibitin koyarwa kuwa na Shika ko Kano ko Sakkwato, ga kuɗin mota bayan magani ya cinye na hannu. Kuma lallai zazzaɓin yana iya zama maleriya. Sai dai a gida ba a iya bambancewa, kuma biyun kan haɗu a jiki ɗaya. Idan cibiyar daji ta yi nisa, a je babban asibiti mafi kusa da katin magani a hannu, a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa ga ranar da aka yi ƙarin maganin daji na ƙarshe. Wannan jimlar ce ke sa a daina kallon majinyaci a matsayin mai zazzaɓin yau da kullum. Tun ranar farko ya kamata a tambayi nas lambar da za a kira, a kuma tanadi ma'aunin zafin jiki a gida.

Sauran maganganun saƙon ba su da nauyi. Yawan amai ba ya nuna ƙarfin magani, kuma akwai magunguna irin su ondansetron da ke tsayar da shi. Sumar da ta zube takan dawo cikin 'yan watanni bayan an gama, ban da ƙalilan da tasu ke fitowa a tsinke. Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya ɗauke da wani haske mai cutarwa, yana iya rungumar 'ya'yansa. Irin masu shan aidin mai haske don ciwon maƙoƙo ne ake ba ƙa'idar nisantar mutane na wasu kwanaki, kuma asibiti ne ke faɗa musu adadin.