Korona: Abin da zai iya biyo 'yan cin ranin Tasawa da Mayahi gida

Duk shekara idan damina ta matso, samarin gundumomin Tasawa da Mayahi da suka tafi cin rani Kano, Legas ko Abidjan sukan fara ɗaure kaya don komawa gona. A shekarar 2020 akwai abin da zai iya biyo su ba su sani ba.

Cutar ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disambar 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020. A Nijar, ranar 19 ga Maris ministan lafiya na lokacin Dakta Idi Illiassou Maïnassara ya sanar da mutum na farko da ya kamu: ma'aikacin wani kamfanin sufuri mai shekara 36 da ya ratsa Lome, Accra, Abidjan da Wagadugu. Hanyar da 'yan cin rani ke bi ke nan. A lokacin an rufe iyakoki, amma kowa ya san ɓarauniyar hanya tsakanin jihar Maraɗi da Katsina ba ta ƙirguwa.

Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin tari, atishawa ko magana, ta shiga hanci da maƙogwaro, wani lokaci ta gangara huhu. Alamominta zazzaɓi, busasshen tari da kasala, abin da a ƙauye za a ce mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. Takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, wani ma ba za ta nuna a jikinsa ba sam, alhali yana yaɗa ta.

Nan ne haɗarin yake. Saurayi ya sauka garau, ya durƙusa ya gaida tsohonsa, su ci tuwo kwano ɗaya, da dare a fada kofin shayi guda ya zagaya kowa. Shi ƙila ya warke bai ko kwanta ba. Tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari shi ne numfashinsa zai sarƙe. Ga gwajin kuma, a farkon annobar sai an kai samfur cibiyar CERMES a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600.

A 2020 jami'an lafiya sun nemi wanda ya dawo ya keɓe kansa kwana 14 da kwanonsa da butarsa, ya riƙa wanke hannu da sabulu. A garin da mata ke janyo ruwa daga rijiya mai zurfi cikin zafin Afrilu, wankin hannun ma sai an ware masa nasa ruwan.