Ikon Majalisa na Bin Diddigi: Matsugunin Masu Gudun Hijira da Aikin Tsaro a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wato mutum ɗaya ne yake wakiltarsu a Abuja. Sanatansu shi ne na Katsina ta Kudu, wadda aka fi sani da shiyyar Funtuwa. Kowacensu kuma tana da nata wakili a Majalisar Dokokin Jihar Katsina mai kujeru 34. Yawancinmu ba mu neman waɗannan mutane sai in za a yi rufin majami'a ko ana buƙatar buhunan masara. Wannan darasi zai yi bayani a kan wani aiki nasu da ba a cika tambayarsu a kai ba, wato bin diddigin yadda hukuma take bi da mutanen da aka raba da gidajensu, da yadda masu ɗamara suke aiki.

Halin da yankin yake ciki ba ɓoyayye ba ne. Yana maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Duk harin da aka kai yana tura mutane daga ƙauye zuwa gari.

Ina suke kwana?

Akwai bambanci a doka tsakanin wanda ya ƙetare iyaka da wanda bai ƙetare ba. Mutanen Katsina da Sakkwato da Zamfara da suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019 sun shiga hannun gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an yi musu rajista, an kuma zaunar da wasu a garuruwa irin su Chadakori da Garin Kaka. Wanda ya gudu daga ƙauyensa zuwa cikin Faskari ko Funtuwa kuwa, yana nan a wuyan gwamnatinsa. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 a shekarar 2012, yarjejeniyar da ta ɗora wa gwamnati alhakin ba irin waɗannan mutane mafaka da abinci da kariya. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kansu. Hukumomin da aikin ya rataya a kansu su ne NEMA da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, sai SEMA a jiha.

Matsalar ita ce, a arewa maso yamma mafi yawan waɗanda suka gudu ba sa cikin sansani irin na Barno. Suna raɓe a ajin firamare, ko kango, ko zauren wani, ko ɗakin ɗan'uwa, wasu kuma a harabar majami'a ko masallaci. Wanda ba ya sansani da wuya a ƙidaya shi. Wanda ba a ƙidaya ba kuwa ba zai shiga kasafin kuɗi ba. Sau da yawa fasto da limami da mai unguwa sun fi kowane ofis sanin gida nawa suka iso a makon jiya.

Abin da tsarin mulki ya ba majalisa

Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya sa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 88 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon bincikar kowace ma'aikata ko hukuma da take aiwatar da dokarsu ko take kashe kuɗin da suka ware, domin gyara doka, da kuma tona cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba su ikon kiran kowa ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi a sa a kawo shi. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiha irin wannan iko a kan hukumomin jiha.

Sai dai a lura da iyakarsa. In kun ji a rediyo cewa wakilinku ya gabatar da ƙudurin gaggawa bayan wani hari, majalisa ta yi shiru na minti ɗaya, ta kuma yi kira ga hukumomin tsaro, wannan kira ba doka ba ne, ba ya tilasta wa kowa. Haƙoran majalisa suna cikin kwamiti da kasafin kuɗi. A can ne ake zaunar da shugaban hukuma a tambaye shi nawa aka ba shi, nawa ya kashe, a wane gari. A Birtaniya, kwamitin harkokin cikin gida na majalisa ya fitar da rahoto a 2017 a kan gidajen da ake ajiye masu neman mafaka, ya ambaci ɓeraye da kuɗin cizo. Rahoton bai gyara komai dare ɗaya ba, amma ya sa abin a rubuce, inda minista ba zai ce bai sani ba.

Wa za a kai wa ƙarar wa?

Nan ne mutane suke yawan ɓata takarda. 'Yan sanda da sojoji da jami'an shige da fice na tarayya ne, sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta Nijeriya. Ƙorafi a kansu sai Majalisar Tarayya, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Amma dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, rukunin farko sama da mutum 1,400, na jiha ne, kuɗinsu daga kasafin jiha yake fitowa. Majalisar Katsina ce take da hurumin tambayar yadda aka ɗauke su, da horonsu, da abin da ake yi wa wanda ya wuce gona da iri. Haka ma SEMA.

Ya kamata mai hidima ya riƙe wasu ƙa'idoji a ka. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama mutum a madadin wani, ba a tsare uba don ɗansa ya gudu. Dokar 2017 ta sa azabtarwa laifi ce. Waɗannan ba su ware kowa ba. Yaron Bafulatani da aka kama a kasuwa don kamanninsa kawai yana da haƙƙi daidai da ɗan dattijon ikilisiya. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi wuya, gama mutumin da ya binne ɗan'uwansa ba ya son jin wannan magana. Amma duk wanda ya zauna a yankin ya san yadda kisan gilla da wasu 'yan sa-kai suka yi ya jawo ramuwar gayya a kan ƙauyukan da ba su ji ba, ba su gani ba.

Yadda ake rubuta koke

Majalisar Wakilai tana da kwamitin koke-koken jama'a, kuma ta hannun ɗan majalisa ake shigar da koke. Takardar da ta ce jama'a suna shan wahala za ta kwanta a fayil. Wadda ta ce gida kaza daga ƙauye kaza suna kwana a makaranta kaza tun watan kaza, babu banɗaki, kuma kayan agaji sau ɗaya suka iso, ita ce ake iya kiran jami'i a kanta. Ku rubuta adadin gidaje, mata nawa, yara nawa, da ranar da suka iso. Ku ƙidaya kowa, Kirista da Musulmi, ku nemi limamin Juma'a da dagaci su sa hannu tare da ku. Takardar da ta fito daga gari ɗaya ta fi nauyi bisa wadda ta fito daga ɗarika ɗaya.

Kada ku sa sunan wanda ya ba da labarin 'yan bindiga ko na wani jami'i sai da yardarsa, domin takarda tana bin hannu da yawa, masu kai rahoto daji kuma suna cikin gari. Ku ajiye kwafi, ku karɓi hatimin ofis da kwanan wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce, saboda haka za ku iya tambayar NEMA abin da ta aika mazaɓarku kafin ku je wurin ɗan majalisa. In ya miƙo kuɗin mota ko buhun shinkafa, ku yi godiya, sa'an nan ku tambaye shi ranar da kwamiti zai zauna a kan takardar.