Modem Mai Aiki da Rediyo: Inda Lokaci Ke Salwanta Kafin Saƙo Ya Isa

Modem mai aiki da rediyo na'ura ce da ke karɓar bayanai daga kwamfuta, ta mayar da su igiyoyin rediyo, ta aika wa 'yar'uwarta da ke nesa ba tare da waya ba, kuma da irinta ake lura da rijiyoyin ruwa, tashoshin lantarki da bututun mai a wuraren da jan waya ke da tsada. Ana auna saurinta da yawan bit da take aikawa a daƙiƙa guda, bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar awon bayani, wanda takwas ɗinsa ke haɗa harafi ɗaya. Sai dai adadin da kamfani ke rubutawa a jikin na'ura dabam yake da abin da ke isa hannun mai karɓa, kuma jinkiri ne ke cinye bambancin.

Mutane da yawa kan ɗora laifin jinkirin a kan nisa, alhali igiyar rediyo tana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, har takan ratsa kilomita 50 cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyar na daƙiƙa ba. Nisa yakan zama abin damuwa ne idan saƙo ya bi ta tauraron ɗan Adam mai tsayuwa a kilomita 35,786 sama da ƙasa, inda hawa da saukowa ke cin kusan rubu'in daƙiƙa.

A doron ƙasa, lokacin yana tafiya ne a cikin na'urar kanta. Yawancin waɗannan modem ba sa magana da sauraro a lokaci ɗaya, saboda haka kafin kowace aikawa dole na'ura ta kunna sashen watsawa, ta jira ya daidaita, jiran da a tsoffin na'urorin masu sha'awar rediyo yakan kai kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Ana kuma yanyanka bayanai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshi da lambar tantance kuskure, sannan mai karɓa ya mayar da amsar cewa ya samu. Ƙunshi mai haruffa 256 yana cin kusan daƙiƙa 1.7 a saurin bit 1200, amma idan aka haɗa da jiran ɓangarorin biyu, abin da ke isa na amfani bai kai bit 900 a daƙiƙa ba. In hayaniyar iska ta ɓata ƙunshi, sai a sake aika shi ɗungurungum, shi ya sa dogon ƙunshi ke da riba a zango mai tsabta, gajere kuma ya fi dacewa da zango mai hayaniya.

Akwai kuma cunkoso. A shekarar 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka fara amfani da tsarin ALOHAnet, wanda ya haɗa kwamfutoci ta rediyo a saurin bit 9600, inda kowace tasha ke aikawa duk lokacin da ta so. Idan biyu suka yi magana tare, saƙonninsu kan yi karo su lalace, kuma lissafi ya nuna cewa wannan tsari ba ya iya amfani da fiye da kusan kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin zangon. Da Lawrence Roberts ya kawo shawarar raba lokaci gida-gida a 1972, adadin ya ninka zuwa kusan kashi 37.

Tun 1948 Claude Shannon ya tabbatar da cewa faɗin zango da ƙarfin sigina a kan hayaniya su ne ke yanke iyakar abin da hanya za ta ɗauka, iyakar da babu na'urar da ke tsallake ta. Don haka injiniyan da ke son famfo mai nisa ya amsa umarni a kan kari, ya fi cin riba idan ya ɗaga eriya, ya rage lokacin jira, ya kuma tsara wa kowace tasha lokacin maganarta, fiye da sayen na'urar da aka rubuta wa babban adadi a kwali.