2.4 Ƙyamar Sara a Harshen Ingilishi

Sara, kamar yadda aka sani, ita ce amfani da wasu sababbin kalmomi, ko tsofaffi da aka sauya wa ma'ana, a tsakanin wani rukuni na jama'a, musamman matasa. A harshen Ingilishi an daɗe ana ƙorafi a kan irin waɗannan kalmomi, kuma bin tarihin ƙorafin zai taimaka wajen fahimtar abin da ke haddasa shi.

A shekarar 1710 marubucin nan Jonathan Swift ya yi rubutu a wata mujalla ta birnin Landan mai suna Tatler, inda ya koka da yadda mutanen zamaninsa suke gutsure kalmomi. Daga cikin waɗanda ya tsana akwai mob, wadda aka yanko daga Latinanci mobile vulgus, wato taron 'yan hayaniya, da kuma banter, wato ba'a. A 1712 ya ba da shawarar a kafa hukumar da za ta tsare harshen, kwatankwacin wadda Faransa ta kafa a 1635. Ba a kafa ta ba. Wasu kalmomin da ya soka, irin su pozz, sun mutu da kansu, amma mob da banter sun zauna daram, har alƙalai da 'yan jarida suna amfani da su a yau.

Haka kuma Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya yi wa kalmomin fun da clever tambarin kalmomin ƙasƙanci. Abin lura a nan shi ne, babu wani aibi a ginin waɗannan kalmomi ko a furucinsu. Laifinsu kawai shi ne bakin da suka fito, wato bakin talakawa da 'yan kasuwa da zauna-gari-banza. Wannan ya nuna cewa sau da yawa mai ƙyamar sara masu maganar yake ƙi, sai ya huce a kan kalmar.

A Amurka ma labarin bai sauya ba. Kalmar OK, wadda duniya ta ara, ta fara fitowa ne a matsayin raha a wata jarida ta birnin Boston a 1839. Rigima mafi zafi kuwa ita ce ta 1961, lokacin da aka fitar da bugu na uku na babban ƙamusun Webster. Jaridu sun yi ca a kan editansa, Philip Gove, saboda ya sassauta wa kalmar ain't, alhali shi yana ganin aikin ƙamus shi ne bayyana yadda mutane suke magana.

Duk da haka, bai kamata a yi watsi da hujjar masu ƙorafin gaba ɗaya ba. Sara tana saurin tsufa, kuma tana rufe ƙofa ga wanda ba ɗan rukuni ba. Bugu da ƙari, matashin da bai iya ajiye ta a wurin jarrabawa ko neman aiki ba yana iya yin asara. Da wannan hujja ce wata makarantar sakandare a kudancin Landan ta hana ɗalibanta furta wasu kalmomi a cikin aji a 2013. A jerin kalmomin akwai innit da coz da bare, da kuma ain't ɗin nan da aka yi faɗa a kanta shekara 52 kafin nan.