Fadar Rambagh: Yadda Gidan Sarki Ya Koma Masaukin Baƙi

Baƙon da ya sauka a fadar Rambagh da ke birnin Jaipur, hedkwatar Jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya, ba ya shiga kamar yadda ake shiga sauran otel-otel. Tun daga bakin ƙofa ma'aikata masu manyan rawuna za su tarye shi, a riƙa masa laima, a rataya masa furanni a wuya, sannan a bi da shi ta dogayen barandu na farin dutse har zuwa ɗakinsa. Da sassafe kuwa kukan ɗawisu ne zai tashe shi, domin tsuntsayen suna yawonsu a lambun fadar mai faɗin eka 47. Duk wannan tarairaya ta sarakai ce, amma a yau ta wanda ya iya biya ce.

Asalin gidan ba fada ba ne. A cikin 1835 aka gina shi, ɗan ƙaramin gidan lambu a bayan gari, domin matar da ta shayar da Yarima Ram Singh na Biyu. A 1887 aka mai da shi masaukin farauta, daga bisani aka yi ta faɗaɗa shi bisa zanen wani injiniya Bature, Sir Swinton Jacob, har ya isa zama gidan Maharaja, wato babban sarkin Jaipur. Wanda ya tare a cikinsa shi ne Sawai Man Singh na Biyu, gwanin ƙwallon doki da ya yi suna har Ingila.

To, me zai sa sarki ya buɗe wa baƙi ɗakin kwanansa? Amsar tana cikin abin da ya faru bayan Indiya ta sami mulkin kai a 1947. A lokacin akwai masarautu fiye da 500 waɗanda Ingilishi suka bar wa sarakunansu ikon cikin gida. Sabuwar gwamnati ta shawo kan sarakunan suka miƙa ƙasashensu, ita kuma ta ɗauki alkawarin biyan kowannensu wani kuɗi duk shekara, tare da bar masa muƙaminsa da wasu gidajensa. Man Singh ya zama shugaban sabuwar Jihar Rajasthan a 1949, amma a 1956 aka soke wannan muƙami. Harajin talakawa ya koma baitulmalin gwamnati, alhali kuwa rufin fada bai daina bukatar gyara ba, barori ba su daina jiran albashi ba, dawaki ba su daina cin hatsi ba. Sarkin ya yi lissafinsa, a 1957 ya mai da Rambagh otel, iyalinsa suka koma wani gida da bai kai shi girma ba.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan shawara ba. Matarsa Gayatri Devi, wadda ta tare a gidan bayan aurensu a 1940, ta nuna baƙin cikinta a fili cikin littafin da ta rubuta na tarihin rayuwarta. Amma lokaci ya gaskata mijinta. Ya rasu a Ingila a 1970 yana tsakiyar wasan ƙwallon doki, kuma shekara guda bayan haka gwamnatin Indira Gandhi ta yi wa tsarin mulki gyara na 26, wanda ya soke kuɗin sarakuna da muƙamansu baki ɗaya. Sarakunan da ba su yi tanadi ba suka wayi gari da manyan gidaje babu abin riƙe su. Wasu fadojin gwamnati ta mai da su ofisoshi da makarantu, wasu kuma jemagu suka gaje su. A 1972 kamfanin otel-otel na Taj ya karɓi tafiyar da Rambagh, kamar yadda ya karɓi fadar nan ta tsakiyar tafki a Udaipur shekara guda kafin nan.

Mai kwana a Rambagh a yau zai ci abinci a Suvarna Mahal, zauren da sarki ke karɓar manyan baƙinsa a da, ƙarƙashin fitilun ƙarau da rufi mai zane. A wani ɗaki zai ga kofuna da hotunan wasan ƙwallon doki, a gefen lambu kuma akwai tsohon jirgin ƙasa mai aiki da tururi wanda aka mai da taragunsa wurin cin abinci. Ba a musun cewa ginin yana cikin kyakkyawan hali, kuma ɗaruruwan mutanen Jaipur suna cin abinci ta dalilinsa, daga masu lambu zuwa masu gyaran sassaƙar dutse.

Sai dai akwai abin dubawa. Kuɗin kwana ɗaya a ɗaki mafi araha ya zarce albashin wata na ƙaramin akawu a Indiya, saboda haka jikokin waɗanda harajinsu ya gina fadar yawancinsu daga bakin titi suke hangen ta. Abin da ake nuna wa baƙo kuma ɓangaren sarauta ne mai daɗi kaɗai, wato laima da furanni da kujerun alfarma. Wanda ke son sanin yadda aka mulki Jaipur sai ya shiga cikin gari, ya ziyarci tsohuwar fadar da ke tsakiyar birni, inda aka buɗe gidan kayan tarihi, kuma zuriyar sarkin ke zaune a wani sashe har yanzu.

Ita kuwa Gayatri Devi ba ta yi nisa da gidanta na fari ba. Ta shiga siyasa, ta ci zaɓen majalisar tarayya a 1962 da gagarumin rinjaye, an kuma tsare ta a kurkukun Tihar na wasu watanni a 1975 lokacin dokar ta-ɓaci. Sauran kwanakinta ta yi su ne a wani ƙaramin gida mai suna Lily Pool a cikin harabar Rambagh, inda take iya hango baƙi suna shiga da fita ta ƙofar da a da ita ake buɗe wa. A Jaipur ta rasu cikin 2009, tana da shekara 90.