Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne: Darasin Hoton Tsuntsaye Daga Paraku Zuwa Jugu

Duk ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Kwatano zuwa Paraku, tafiyar fiye da kilomita 400, ya san bakin teku. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka kalli tsuntsayen da ke shawagi a wurin, duk da cewa a yau kusan kowa yana da wayar ɗaukar hoto a aljihunsa.

A wata tafiya da muka yi cikin hunturu, mun ratsa Grand-Popo, kusa da inda Kogin Mono yake haɗuwa da teku, yankin da Hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu a shekarar 2017. A nan muka tarar da wasu fararen tsuntsaye masu dogayen fukafukai da wutsiya mai baki biyu kamar ta tsattsewa, waɗanda ke tsunduma cikin ruwa daga sama su cafko kifi. Da yawansu a Turai suke ƙyanƙyasa, sanyi ne ke koro su gaɓar Afirka ta Yamma. Muka yi ta ɗaukar hoto har rana ta take tsaka, muka juyo arewa muna ganin mun yi abin kirki.

Da muka iso Paraku, sai muka kai hotunan wurin wani dattijo mai shagon hoto kusa da Kasuwar Arzeke, wanda ya fara sana'ar tun zamanin wankin fim. Ya daɗe yana dubawa kafin ya ce, "Ɗana, wannan tsuntsu ne ko ledar da iska ta kwaso?" Maganar ta yi mana ɗaci, amma muka daure muka ce, "Baba, a nuna mana inda muka kauce."

Ya ce kuskuren farko shi ne lokaci. Farin tsuntsu a tsakar rana ƙonewa yake yi a hoto, gashinsa ya ɓace, don haka da hantsi ko bayan la'asar ake ɗauka, a juya wa rana baya, a kuma rage hasken na'urar kaɗan. Na biyu, bakin ruwan ya karkace kamar tekun zai tsiyaye gefe guda. Na uku, mun matse tsuntsun a jikin bango, alhali ana bar masa fili ta inda ya dosa. Ya kuma hana mu jawo hoto da yatsa a waya, domin hakan dishi-dishi kawai yake ƙarawa. Ga mai babbar kyamara kuwa, ya ce tsuntsu mai tashi yana bukatar saurin ɗauka na kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, kuma idon tsuntsun ake saitawa.

Sauran darasin a Jugu muka same shi, tsohon zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, mai nisan kimanin kilomita 135 daga Paraku. Wani tsohon maharbi da muka nuna wa hotunan bai san kyamara ba, amma ya san tsuntsu. Ya lura cewa duk hotunanmu ƙeyar tsuntsaye ce. "Samari, kun bi su ne, shi ya sa suka ba ku baya," in ji shi. Ya bayyana mana cewa tsuntsu iska yake fuskanta idan zai tashi ko zai sauka, saboda haka wanda ya zauna ƙasa ya yi shiru, iska na bugun bayansa, shi zai ga fuska. Ya kuma gargaɗe mu da kada mu kusanci sheƙa, domin uwa kan gudu ta bar ƙwai a rana.

Mun gwada shawarwarin a wata fadama da ke bayan gari, a kan balbela da zalɓe, kuma bambancin ya fito fili. Ashe ba sai an je Gandun Panjari ba, inda matsalar tsaro ta kunno kai tun bayan sace wasu 'yan yawon buɗe ido Faransawa biyu a shekarar 2019. Bakin rafi da mahauta ma makaranta ce.

Mai karatu zai iya tambaya, me ɗan kasuwa zai ƙaru da shi? Mu duba ungulu. A da ba a raba ta da mahautar kasuwa, amma a shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya ƙaramar ungulun nan ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu, cinikin da ke ratsa kasuwannin kan iyaka. Haka zalika, tun shekarar 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairun kowace shekara, a yau a ƙasashe fiye da 100, kuma akasarin masu aikin 'yan sa-kai ne. Hoto mai kyau, wanda aka rubuta ranar ɗaukarsa da wurin, shaida ce ga masana. Wanda ya yi dishi-dishi kuwa ba ya tabbatar da komai.

Mu da muke kan hanya tsakanin Kwatano, Paraku, Jugu da Malanbil mun fi kowa ganin ƙasa. Abin da ya rage shi ne mu riƙa nuna hotunanmu ga waɗanda suka fi mu sani, mu kuma jure gyara, kamar yadda yaron shago ke jure faɗan ubangidansa. Mai gyaran shi ma ya faɗi aibin hoto tare da maganinsa. Allah Ya sa jikokinmu su ga ungulu da idonsu, ba a hoto kaɗai ba.